Kibiyoyin da Akawu Ya Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi yana buga takardu a sashen lissafi na jami'a, kuma ko sau ɗaya bai yarda an kira shi sakatare ba. Wai sakatare mai amsa waya ne, shi kuwa hannunsa a cikin ilimi yake tsundum. Ofishinsa ne na ƙarshen baranda, ɗan tsukut, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa sai an ɗirka mata duka da tafin hannu. A kan teburinsa akwai tsohuwar tafireta wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, da gwangwanin madara cike da biro, da wata rular ƙarfe da ko shugaban sashe bai isa ya ara ba. Kwamfutar da aka kawo masa daga baya tana can gefe, yana buga wasiƙun ofis da ita yana harararta.

Ba fa lissafin ya sani ba. Lissafi ne ma ya kayar da shi a makaranta har sau biyu, ya haƙura ya je ya koyi buga tafireta. Ranar da ya kama aiki aka haɗa shi da wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, wanda duk masu buga takardu ke gudun aikinsa. Dalili kuwa, takardun malamin cike suke da kibiyoyi birjik: wata ta miƙe, wata ta gangara, wata ta karkace ta bi ta ƙarƙashin 'yar'uwarta. Tafireta kuma ba ta da kibiya. Wannan malamin shi ne ya zama Farfesa, Akawu kuma ya zama nasa, har ta kai in an ga ɗaya a baranda sai a tambaye shi ina ɗayan.

Ga yadda suke aiki. Farfesa zai kawo rubutun hannunsa, wanda shi kansa wani lokacin sai ya kira Akawu ya karanta masa. Akawu zai jera farar takarda da kabon da takardar kwafi, ya buga haruffan, ya bar fili a duk inda kibiya za ta shiga. Sai ya zare ta saman, ya ɗauki rula, ya ja kibiyoyin da hannu. Kibiya ɗaya ta kauce, shafin ya tashi aiki, sai a sake daga farko. Shi ya sa ya saba gwada kowane zane a littafin rubutu irin na 'yan makaranta kafin ya taɓa takardar ainihi, ya sa kwanan wata da lambar shafi a sama. Kwafin kabon kuwa haka ake jefa shi a fayil da filayensa fayau, haruffa a tsaye nesa da juna babu abin da ya haɗa su. Wa zai zauna ya ja wa kwafi kibiya?

Sai da suka shekara bakwai tare kafin Akawu ya yi tambaya. Ya lura akwai wani layi da ke dawowa kullum: haruffa uku a jere, kibiya daga na farko zuwa na biyu, wata daga na biyu zuwa na uku. Amma wani lokacin Farfesa kan ƙara wata lanƙwasasshiya a ƙasa, mai komowa daga na uku zuwa na biyu, wani lokacin kuma babu.

"Ranka ya daɗe, wannan mai komowar, mantawa kake yi da ita ko kuwa?"

Farfesa ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya yanko kwali mai kusurwa huɗu daga katan ɗin takarda, ya ɗora a teburin Akawu.

"Juya shi. Sau huɗu ka dawo inda ka fara, ko ba haka ba? To kife shi. Duk abin da za ka iya yi wa kwalin nan ya koma ya zauna daidai a mazauninsa, in an tara su, rukuni muke cewa. Shi ne harafin tsakiya. Juyin nan huɗu ƙaramin rukuni ne a cikinsa, shi ne harafin farko. In ka kau da kai daga juyi, me ya rage? A kife yake ko ba a kife ba. Shi ne na uku. Duk aikina a duniya ɗaya ne: in an ba ni na farko da na uku, ta hanya nawa zan iya gina na tsakiya? Faɗaɗa rukuni ke nan."

"To mai komowar fa?"

"Kife kwalin sau biyu. Ka ga ya dawo yadda yake, bai bar saura ba. In haka ta samu sai mu ja mai komowa, mu ce haɗin gefe ɗaya ne. Don kifewa tana sauya wa juyi alƙibla, dama ta koma hagu, amma juyi komai yawansa ba ya tayar da kifaffe. Yanzu tara mini bakwai da biyar."

"Sha biyu."

"Yaya kake rubutawa?"

"In rubuta biyu, in riƙe ɗaya."

"To wannan ɗayan da ka riƙe shi ne ɗan hana ruwa gudu. Gidan ɗai-ɗai ba ya iya zama da kansa, kullum sai ya zubo wa gidan gomomi. A irin wannan babu mai komowa, ko ka shekara kana nema."

Ranar Akawu ya koma gida ya tara matarsa da 'ya'yansa ya yi musu lacca da murfin tukunya, wanda da yake zagayayye ne bai nuna komai ba. Amma daga nan bai sake jan kibiya mai komowa ba sai ya ce a ransa, wannan ba ta riƙe ɗaya.

Daga baya Farfesa ya zurfafa a wani fanni da suke kira katagori, wanda ya fassara wa Akawu da ilimin kibiyoyi. A can, in ji shi, ba a leƙa cikin rukuni a ga me ke ciki. Rukuni gaba ɗayansa ɗigo ne guda, da kibiyoyi masu fita daga gare shi su komo gare shi. Akawu bai gane ba, amma abin ya yi masa daɗi, don ya fahimci cewa ilimin duk ya tattara ya dawo kan abin da shi yake ja da rula. Zane ya ƙara girma, wani kamar akwati a cikin akwati, mai kibiya ashirin da 'yan kai. Burin Farfesa kuwa littafi guda ne, wanda zai nuna cewa mai riƙe ɗaya da marar riƙe ɗaya duk gini ɗaya ne in an dube su ta kibiyoyi. Shekara da shekaru yana cewa, "Akawu, in na ajiye aiki, ni da kai za mu zauna mu yi littafin nan." Shi yana faɗa ne yana neman makullin motarsa, Akawu kuwa ya ɗauki maganar ya adana ta.

Ita kuma Dakta, wata malama a sashen, a hannun Akawu ta girma, in ji shi. Ta zo sashen tana ɗaliba siririya mai tambayar tsiya. Shi ya buga mata kundin digirinta na farko. A kujerar ofishinsa ta zauna ta sha kuka ranar da Farfesa ya maido mata babi guda jajir da jan biro, shi ya haɗa mata shayi ya ce ta share hawaye, haka tsohon yake yi wa wanda yake so. Ta tafi ta ƙaro karatu, ta dawo da digiri na uku da wata 'yar kwamfuta da take ratayawa a kafaɗa. A cikin wannan 'yar abar take rubuta wasu alamomi, ta danna, sai ga kibiyoyi sun fito sambal, kawunansu duk girma ɗaya. Da zuciya ɗaya ta nuna masa, tana cewa, "Baba, zo ka ga abin da zai hutar da kai." Ya duba, ya taɓe baki, ya ce ba laifi, amma ba su da rai. Me ake nufi da kibiya mai rai, har yau babu wanda ya sani.

Da Farfesa ya ajiye aiki, Akawu ya je ya sake gilashin idonsa, ya ɗiga wa tafireta mai, ya sayo kwalin biro sabo fil. Ya zauna jira. Mako uku yana jira, duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ya leƙa ta taga. Ranar da motar ta zo kuwa, Dakta ya gani tana sauka da fayilolin Farfesa rungume a ƙirji, tsohon yana biye da ita. Ya fita ya tare su.

"Ina za a kai fayilolin nan?"

"Littafin za mu fara, Baba," in ji ta. "Masu ɗab'i sun ce sai a kwamfuta za su karɓa."

Farfesa ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Ka huta, Akawu. Ka ja abin da ya ishe ka."

Suka wuce. Tsohon bai ma san ya soke shi ba, kuma wannan rashin sanin ya fi sukar ciwo.

Kishi ne ya kama shi, babu wani suna da za a ba abin. Dattijo mai furfura, mai jikoki biyu, ya zauna yana kishin yarinyar da ya haɗa wa shayi. In ta gaishe shi, da can "'yata" yake cewa, yanzu sai "lafiya" a taƙaice, idonsa a kan takarda. In ta kawo wasiƙa a buga, sai ta koma ƙasan tire ta kwana uku. Duk Asabar da yamma yakan kai wa Farfesa jarida gida, al'adarsa ce tun da daɗewa. Yanzu in ya je sai ya tarar da Dakta a kujerar da ke kusa da teburin, kujerar da shi ya saba zama. Sai a nuna masa doguwar kujera can bakin ƙofa, ya zauna da kofin shayi yana sauraron su suna magana da wani yare na haruffa, su ƙyalƙyale da dariya a kan abin da bai ji abin dariya a ciki ba. Ya koma gida ransa a dagule, ya ce abinci ya yi gishiri.

Matarsa ba ta raga masa ba. "Malam, shekara talatin da aurenmu, ko sau ɗaya ban ga ka yi kishina haka ba. Da na san kibiya kake so, ai da na zana ta a goshi."

"Wa ya ce miki kishi nake?"

"To gishirin ne. Gobe zan rage."

Wata huɗu da fara littafin Farfesa ya faɗi a banɗaki. Hannun dama ya shanye, magana ta yi nauyi, da ƙyar ta dawo. A asibiti aka gano wani abin kuma: ciwon ido ya daɗe yana cinsa a ɓoye, likita ya ce ɗan ganin da ya rage da wuya ya kai shekara. Akawu ya tsaya a barandar asibiti ya yi kuka na gaskiya, ba na ganin ido ba, don yana son tsohon nan fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa. Farfesa kuwa abu ɗaya yake maimaitawa ga duk wanda ya je duba shi: yana so ya ga littafin da idonsa kafin fitilar ta mutu.

Nan ne aka ci karo da matsala. Babin ƙarshe, wanda shi ne zuciyar littafin, ya dogara ne a kan takardun da Farfesa ya rubuta cikin shekara ashirin. Takardun ainihin suna ɗakin ajiya na sashe, inda rufi ya yi yoyo damina biyu ba wanda ya lura. Da aka buɗe kwalin, sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tawada ta narke. Abin da ya tsira kwafin kabon ne, mai haruffa babu kibiyoyi. Zane sittin da uku, duk fili. Farfesa ba ya iya riƙe biro, kuma tun faɗuwar nan kansa ba ya iya riƙe kibiya ashirin a lokaci guda. Ya san inda maganar ta dosa, amma hanyar ta ɓace masa.

Littattafan gwajin Akawu kuwa guda goma sha ɗaya ne, suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kowane zane da kwanan watansa da lambar shafinsa.

Ranar wata Talata da hantsi Dakta ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa. Ba ta zauna ba sai da ya ce ta zauna. Ta ajiye kwafi ɗaya a gabansa, ta nuna filin da yatsa.

"Baba, wurinka na zo. Kai ka ja waɗannan da hannunka. Ko akwai wani abu da ka ajiye? Ko da daftari ne, ko da 'yar takarda ce. Wallahi in zan sake gina su daga hujjojin, sai in yi watanni, shi kuma ka san ba shi da watannin."

Akawu ya ɗauki takardar. Ya gane ta nan take, har ɗan harafin da tafiretar ke ɗagawa sama ya gani. Wani daɗi mai ɗaci ya taso masa. Ashe dai 'yar kwamfutar ba ta san komai ba. Amma me ya sa ita aka turo? Wanda ya ce masa ya huta, shi ya kamata ya kira shi ya ce ya taso.

Ya mayar mata da takardar. "Ni mai buga takarda ne kawai, Dakta. Abin da aka ba ni nake ja. Ina na san ilimin kibiyoyi?"

"Babu komai ke nan?"

"Babu."

Ta ɗan dube shi, ta sunkuyar da kai. "To, Baba. Na gode. A gaida Mama."

Maman ce ta tare shi da yamma, don ya kasa riƙe abin a ciki, ya ba ta labari har da 'yar dariya.

"Ka kai musu," in ji ta, ba ta yi dariyar ba.

"Su zo su nema."

"Ai ta zo."

"Ita ta zo. Shi fa? Ba shi da baki? Asabar ɗin nan zan je. Ya ce, Akawu, ina littattafanka, ko minti goma ba za a yi ba zan kawo su a ka."

"In bai ce ba fa?"

"Zai ce."

Asabar ta zo, bai ce ba. Ta gaba ma bai ce ba. Yakan tambaye shi iyali, ya tambaye shi tafireta tana nan kuwa, ya sa ya karanta masa kanun jarida, shi ke nan. Dakta tana gefe ta duƙufa, tana bin hujja layi-layi tana fito da kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wani zanen ya ɗauke ta yini, wani mako biyu. In ta gama sai ta buga shi da manyan haruffa, Farfesa ya kanga gilashi mai ƙara girma ya bi shi a hankali, ya ce e, ko ya ce a'a, akwai wadda ta ɓata. Awa guda yake iyawa a rana, sai kai ya ɗauki ciwo. Ga ta da azuzuwa, ga yara a gida. Ta rame, idanunta suka faɗa.

Wata Asabar Akawu ya miƙe zai ajiye kofi, idonsa ya faɗa kan allon kwamfutarta. Akwatin nan ne mai akwati a ciki. Kwana tara tana fama da shi. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi ya ga abin da babu: wata doguwa ce da ke tasowa daga kusurwar baya ta sama, ta ratsa ta bayan sauran, ta sauka a ƙasa ta hagu. Ya tuna da ita sarai, don sau uku ya sake shafin saboda ita. Har ya buɗe baki. Daidai nan Farfesa ya juyo wajen da yake jin motsinsa ya ce, "Akawu, ka ga yarinyar nan? Ba don ita ba, da da littafin nan a cikina za a binne ni."

Akawu ya rufe bakinsa. Ya ce, "Allah Ya yi mata albarka," ya koma doguwar kujera. Sai da ta ƙara kwana shida kafin ta gano doguwar.

Idon kuwa bai jira kowa ba. Da farko gilashin mai ƙara girma yana yi. Daga baya sai an kai takardar bakin taga. Daga baya sai Dakta ta ja zanen da baƙin biro mai kauri a kan kwali, kibiya ɗaya kamar kaurin yatsa. Akawu yana gani duk mako, yana komawa gida yana cewa gobe. Rannan har ya zuba littattafan a jaka, ya hau mota, ya sauka, ya taka har bakin ƙofar gidan Farfesa. A nan ya tsaya. In ya shiga ya ce me? Wata biyar suna ina? A ce ya manta da littafi goma sha ɗaya a ƙarƙashin gadon da yake kwana a kai? Da can kishi ne kaɗai ya riƙe shi, yanzu kunya ta zo ta kama ɗaya hannun. Ya juya da jakarsa. Matarsa ta ga ya dawo da ita da nauyinta, ba ta ce uffan ba, kuma ya fi son ta yi faɗa.

Wata bakwai Dakta ta yi kafin ta cike fili na sittin da uku. Masu ɗab'i suka ci wata uku nasu. Saura wata biyu littafin ya iso, Farfesa ya wayi gari ya tambayi wa ya rufe labule, alhali labulen a buɗe yake.

Ranar da littafin ya zo Asabar ce, da la'asar. Dakta ta kawo shi a cikin ambulan, ta ɗora wa Farfesa a cinya. Ya shafa bangon da hannun hagu, ya auna nauyinsa, ya kai hanci ya shaƙi ƙanshin takarda. Ya yi mata addu'a doguwa har ta kasa tsayawa, ta ce za ta je ta ɗauko yara daga makarantar yamma, ta fita tana share ido. Ɗakin ya rage su biyu.

"Akawu, matso. Zauna a nan kusa."

Ya taso ya zauna a kujerar da ke kusa da teburin. Wata goma sha huɗu rabonsa da ita.

"Kai ne ka san kibiya. Duba mini, ka faɗa mini gaskiya. Sun yi kyau?"

Akawu ya karɓi littafin ya buɗe. Ya so ya ga karkatacciya ko da ɗaya ce, ya bi shafi bayan shafi yana nema. Babu. Ga su nan a miƙe, sirara, kowace ta san inda za ta. Doguwar nan ma tana nan, ta ratsa ta bayan sauran ba ta taɓa ko ɗaya ba, abin da shi sai a karo na huɗu ya iya.

"Sun yi kyau, ranka ya daɗe." Ya rufe littafin. "Sun fi nawa."

Farfesa ya gyaɗa kai. "Wata biyu kawai. Da an samu wata biyu da na gan shi."

Bai faɗa da zafi ba, kamar mai maganar ruwan da bai zo ba ya faɗa. Akawu ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, akwai maganar da zan faɗa. Littattafan gwajina, waɗanda nake fara ja a ciki... suna nan. Duk sittin da ukun suna ciki. Suna gidana tun farko."

"Na sani."

Akawu ya ɗago kai.

"Shekara talatin ina shigowa ofishinka ina ganinka kana ja a ciki, a ce ban sani ba? Masu shuɗin bango. Ni na tura ta wurinka. Ta dawo ta ce ka ce babu."

"To me ya sa... me ya sa ba ka tambaye ni da kanka ba? Kalma ɗaya nake jira, wallahi kalma ɗaya."

Tsohon ya shafa hannunsa shanyayye da mai lafiyar.

"Tun da muke ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, Akawu. Na ji tsoron in tambaye ka, ka dubi idona ka ce babu. Na ga in na rasa littafin zan iya ɗauka, wannan kuwa ba zan iya ba. Sai na ce bari in jira, zai kawo da kansa. Duk Asabar in na ji ka shigo, sai in kasa kunne ko zan ji ka ajiye jaka."

Akawu ya ce, "Ka yafe mini," muryar ba ta fito sosai ba, bai ma tabbata an ji ba.

Farfesa ya laluba ya taɓa gefen littafin da ke hannun Akawu. "Buɗe babin ƙarshe. Ka bi mini su ɗaya bayan ɗaya, kowace daga ina ta taso, ina ta sauka. A hankali fa, ka san ba na gani."

Akawu ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan ta farko. Sai da ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa ya goge, sannan ya iya farawa.